Amsa ga mai son zama malamar jami'a a fannin al'ada da giɓin lafiya

Wata ƙanwata a aiki, ma'aikaciyar jinya da ke dab da kammala digirin digirgir, ta aiko mini da tambaya. Ta ga wata jami'a tana neman malami a fannin kula da lafiya mai la'akari da al'adar majinyaci, haɗe da binciken giɓin lafiya tsakanin al'ummomi. Zuciyarta na wurin, amma wasu sun ce mata fannin surutu ne kawai, babu kimiyya a cikinsa, kuma wanda ya shige shi ba ya samun ƙarin girma. Tana son sanin me aikin ya ƙunsa, da wane shiri ake shigarsa, kuma ko ya cancanci ta ba shi ƙuruciyarta.

Ƙanwata, ki nema. Na daɗe a wannan aikin kuma ban taɓa nadama ba. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da za ki ji ina ta nanata shi: ki shigo a matsayin mai bincike, da tambayarki da ma'auninki a hannu. Idan kika shigo a matsayin "wadda ta san al'adun mutane", za a yi ta gayyatarki taro ana tafa miki, shekara shida ta wuce ba ki da abin nunawa, marasa lafiyar da kika zo dominsu kuma suna nan inda kika same su.

Masu cewa babu kimiyya ba su karanta tarihin fannin ba. Giɓin lafiya shi ne bambancin ciwo da mutuwa tsakanin rukunin mutane wanda za a iya kauce masa, kuma yake bin sawun talauci, launin fata, harshe, jinsi, nakasa ko wurin zama. Ana auna shi kamar yadda ake auna zazzaɓi. A 1967 aka fara bibiyar ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan, binciken da ake kira Whitehall, wanda sunan Michael Marmot ya shahara da shi. Dukkansu suna da aiki da albashi, dukkansu suna da damar zuwa asibiti kyauta, amma na ƙasan matakala sun mutu kusan ninki uku na na sama, kuma kowane mataki ya fi na samansa mutuwa. A 1971 wani likitan ƙauye a Wales, Julian Tudor Hart, ya rubuta cewa inda aka fi buƙatar kulawa mai kyau nan ne ta fi ƙaranci. A Amurka, rahoton da sakatariyar lafiya Margaret Heckler ta fitar a 1985 ya ƙiyasta cewa baƙar fata kusan 60,000 ne ke mutuwa kowace shekara fiye da yadda za su mutu da lafiyarsu ta yi daidai da ta farar fata. A 2002 Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta tattara bincike sama da 100, ta nuna cewa ko an daidaita kuɗin shiga da inshora da tsananin ciwo, tsiraru na samun kulawa ƙasa da ta sauran. Wannan rahoton ne ya hana asibitoci ci gaba da cewa matsalar duk daga waje take.

Ɓangaren al'ada kuwa, gara in ba ki labarin abin da ya shigo da ni.

Ina ƙaramar ma'aikaciya a wani asibiti, akwai wata mata da ba ta jin harshen da muke aiki da shi. A fayil ɗinta an rubuta har sau uku cewa ba ta bin umarnin likita, wani ma ya ƙara da cewa mutanensu sun fi yarda da maganin gargajiya. Ɗanta ne ke yi mata tafinta, yaro da bai wuce shekara 11 ba, da jakar makaranta a bayansa. Na lura duk lokacin da likita ya yi tambaya a kan jinin da take zubarwa, sai yaron ya sunkuyar da kai yana murza igiyar jakarsa, ya faɗi kalma biyu. Uwar ita ma ta amsa da kalma biyu, idonta a bango. Ranar da muka samu ƙwararriyar tafinta aka ce yaron ya jira a waje, matar ta yi magana ta kusan minti 20 ba tsayawa. Ashe maganin ne ke ƙara mata zubar jinin, shi ya sa ta daina sha, kuma ba yadda za a yi ta faɗi haka ta bakin ɗan da ta haifa. Kunya tsakanin uwa da ɗa al'ada ce, gaskiya ne, kuma ya kamata mu gane ta tun ranar farko. Amma abin da ya kusa halaka ta shi ne asibitin bai tanadi tafinta ba, sannan ya rubuta laifin a fayil ɗinta. An bar jaki ana dukan taiki.

Duk aikin da za ki yi yana cikin wannan ɗakin. Za ki koya wa ɗalibai su ga kunyar, kuma za ki yi binciken da zai sa asibiti ya ɗauki tafinta. Malamin da ya riƙe na farko kawai yana iya zama mai cutarwa ba da saninsa ba, domin kalmar "al'ada" labule ce mai sauƙin ja. Mace ba ta zo awo ba, a ce al'ada, alhali motar haya biyu take hawa kuma ranar da ba ta je aiki ba babu lada. Dattijo ya ƙi tiyata, a ce al'ada, alhali babu wanda ya zauna ya bayyana masa da kalmomin da yake ganewa.

Fannin kansa ya sha gyara a kan wannan. Da farko ana koyar da abin da aka kira ƙwarewa a al'adu, wanda a wurare da yawa ya koma jerin sunayen ƙabilu da abin da wai kowace ta yarda da shi. Har yau duk shekara sai ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, a ba mu takardar da ta jera su mana, mu haddace kafin jarrabawa." Nakan tambaye shi ko shi da kakarsa suna kallon ciwo iri ɗaya. Sai ya yi shiru, ajin ma ya yi shiru, daga nan darasi ke farawa. Tun a 1978 Arthur Kleinman da abokan aikinsa suka kawo hanya mafi kyau: maimakon ka haddace mutane, ka tambayi wanda ke gabanka me yake kiran ciwon, me yake ganin ya jawo shi, me ya fi tsoro game da shi, wane magani yake sa ran samu. A 1998 likitoci biyu, Melanie Tervalon da Jann Murray-García, suka ce abin da ake buƙata shi ne tawali'u na tsawon rai, da lura da fifikon iko da ma'aikaci ke da shi a kan majinyaci, domin ba wanda ke gama ƙwarewa a rayuwar wani. Wadda ta fi burge ni ita ce Irihapeti Ramsden, nas 'yar ƙabilar Maori a New Zealand. Ita ta kafa ra'ayin cewa majinyaci ne, ba ma'aikaci ba, ke da hurumin cewa kulawar da ya samu ta mutunta shi, kuma a 1992 hukumar nas-nas ta ƙasar ta sa wannan cikin abin da ake jarraba ɗalibai a kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma wani giɓin ba ya cikin zuciyar kowa, yana cikin kayan aiki. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin tana kasa gano ƙarancin iskar a jinin baƙar fata kusan ninki uku na yadda take kasawa a farar fata. A 2019 Ziad Obermeyer da abokansa suka binciki wata manhajar kwamfuta da ke zaɓen marasa lafiyar da za a ba ƙarin kulawa. Manhajar tana ɗaukar kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin ma'aunin ciwonsa, kuma da yake an saba kashe wa baƙar fata kuɗi kaɗan, sai ta ɗauke su a masu sauƙi. Da an gyara, rabonsu a cikin masu samun ƙarin kulawar zai tashi daga kusan kashi 18 zuwa kusan kashi 47 cikin 100. Lissafin aikin ƙoda da ya riƙa ƙara wa baƙar fata maki, wanda ya riƙa jinkirta sa su a layin dashen ƙoda, sai a 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka ba da shawarar cire launin fata daga cikinsa. A ɗaya gefen, wani bincike na 2016 a Jami'ar Virginia ya samu kusan rabin ɗaliban likitanci da sababbin likitoci farar fata da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya a kan jikin baƙar fata, irin su wai fatarsu ta fi kauri. Wato aji na da aiki, ɗakin bincike ma na da nasa.

Yanzu abin da masu sukar suka yi gaskiya a kai, kuma dole ki san shi kafin a tare ki da shi a zauren tantancewa. Bitar da ake yi wa ma'aikata a kan al'ada tana ƙara musu sani, tana gyara abin da suke faɗa a takardar tambayoyi, amma hujjar cewa tana sauya lafiyar majinyaci ba ta da ƙarfi. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana auna ingancinsa, ta yi a 2014 gwaje-gwaje 5 kacal ya samu da suka cika sharaɗi, kuma ingancin hujjarsu ƙasa yake. Ni wannan bai karya mini gwiwa ba, fili ne da ba a nome ba. Inda aka taɓa tsarin aiki kuwa, sakamako na fitowa sarai. Binciken Glenn Flores na 2012 a sashen gaggawa na yara ya nuna kurakuran fassara masu iya cutarwa kashi 12 ne cikin 100 idan ƙwararren tafinta ne, kashi 22 idan ɗan'uwa ne ko wanda aka tsinta a baranda. Wanda nake karanta wa ɗalibaina duk shekara shi ne gwajin da Ronald Victor ya jagoranta a shagunan aski 52 na baƙar fata a Los Angeles, wanda aka buga a 2018. Masu aski suna ƙarfafa wa abokan cinikinsu gwiwa, masu harhaɗa magunguna suna zuwa shagon suna auna hawan jini suna rubuta magani bisa yarjejeniya da likitoci. Cikin wata shida lambar sama ta hawan jinin ta sauka da maki 27, a shagunan da aka tsaya ga nasiha kawai kuma da kusan 9. An je inda mutane suka amince, an kai musu magani na gaske, an auna. Irin wannan aikin nake so ki sa a gaba.

Saboda haka shirin da ya fi komai shi ne hanyar bincike. Ki fita daga digirin nan da abu ɗaya da kika iya sosai, wanda wasu za su neme ki dominsa: ƙididdiga da nazarin yaɗuwar cututtuka, ko tsara gwaji a asibiti da cikin al'umma, ko zurfafa hira da nazarinta bisa ƙa'ida. Na biyun ki san shi gwargwadon da za ki iya aiki da gwaninsa. Idan an ba ki zaɓi tsakanin karɓar kujera yanzu da ƙarin shekara biyu ta horon bincike a ƙarƙashin gwani, kuma halin gida ya bari, horon ya fi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ki ƙuntata tambayarki. "Giɓin lafiya" ba tambaya ba ce. Me ya sa matan da ba sa jin harshen asibiti suke dawowa da matsala bayan haihuwa fiye da sauran, kuma me zai rage hakan, wannan tambaya ce da za ta ci shekara goma tana haifar da takardu. Kada kuma ki saki lasisin jinyarki. Ko yini ɗaya a mako a gefen gado zai riƙa kawo miki tambayoyin da ba su cikin mujallu, kuma ɗalibai sun fi sauraren wanda ya fito daga ɗakin marasa lafiya jiya.

Aikin malami kashi uku ne: koyarwa, bincike, da hidima ga jami'a da al'umma. A tsarin Amurka da masu kama da shi, mataimakin farfesa na da kusan shekara shida kafin a zauna a duba ko za a ba shi kujerar dindindin, kuma a manyan jami'o'in bincike abin da ake ƙirgawa shi ne takardun da aka buga da tallafin da aka ciwo. Akwai kuma layin malaman asibiti da na koyarwa, inda ma'aunin ya bambanta. Ki san a wane layi kujerar take tun kafin ki rubuta takardar nema.

A kashi na uku tarkon yake, kuma ni na faɗa cikinsa. A shekarata ta uku na zauna gaban shugaban sashenmu don bitar shekara. Na jera masa kwamitoci tara da nake ciki, da ɗalibai sama da 20 da ke zuwa ofishina da damuwarsu, da laccocin da na yi wa sassa daban-daban. Ya saurara har na gama, ya juya takardar baya, ya ce, "Ina takardun da kika buga?" Guda ɗaya ce. Shi da kansa ya sa ni a huɗu daga cikin kwamitocin. Na fito na zauna a mota na daɗe ban kunna ta ba. Wannan nauyin sananne ne a fannin, har ana kiransa harajin tsiraru: duk kwamitin da ke son a ga yana da wakilci sai ya nemo mutum ɗaya tilo, duk ɗalibin da ya ji an ware shi sai ya zo ƙofa ɗaya. Aikin na da muhimmanci, ɗaliban nan na buƙatarki da gaske, shi ya sa ƙin karɓa ke da ciwo. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Abin da ya cece ni shi ne wata dattijuwar farfesa da ta ce duk gayyatar da ta zo in ce sai na yi shawara da ita, ita kuma ta riƙa cewa a'a a madadina. Ki nemi irin wannan uwar ɗakin da wuri. Ki nemi biyu ma: ɗaya gwanin hanyar bincikenki, ko da bai damu da fanninki ba, ɗaya kuma wanda ya san yadda ake zama a jami'a.

Batun kuɗin bincike ba zan ɓoye miki ba. Nazarin Donna Ginther na 2011 ya nuna cewa masu nema baƙar fata a NIH, hukumar Amurka mai ba da tallafin binciken lafiya, suna ƙasa da farar fata da kusan maki 10 cikin 100 wajen samun babban tallafi, ko bayan an daidaita karatu da wurin aiki da tarihin bugawa. Wani nazari na 2019 ya gano cewa wani ɓangare na giɓin na da alaƙa da maudu'i: binciken da ya shafi al'umma da giɓin lafiya ya fi fuskantar ƙarancin tallafi. Ga kuma siyasa. Bayan 2020 kuɗi sun kwararo, jami'o'i suka yi ta buɗe kujeru, sai a 2025 gwamnatin tarayyar Amurka ta soke ɗaruruwan tallafin da suka shafi irin waɗannan batutuwa. Wanda ya gina aikinsa a kan kalmomin da ake yayi, iska na juyawa yake faɗuwa. Wanda ya gina a kan hawan jini, ko mutuwar masu haihuwa, ko ciwon sukari, tare da ƙwarewar awo, yana da ƙofofi da yawa: gidauniyoyi, asibitoci, hukumomin jiha, da abokan aiki a wasu ƙasashe. Matan baƙar fata a Amurka suna mutuwa a dalilin ciki da haihuwa kusan ninki uku na farar fata, kuma wannan adadin ba ya sauyawa don an hana faɗin wata kalma.

Sai amana, wadda ita ce jarin da ya fi wuyar tarawa. Al'ummomin da za ki yi aiki da su suna da dalilin ɗari-ɗari. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar Amurka ta bibiyi maza baƙar fata 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee, wani gari a jihar Alabama, ba tare da yi musu magani ba, har bayan penisilin ya zama maganin da kowa ya sani. Ƙabilar Havasupai, 'yan asalin Amurka da ke jihar Arizona, sun ba da jininsu a farkon shekarun 1990 don binciken ciwon sukari, aka yi amfani da shi wajen nazarin taɓin hankali da asalin ƙabilar, abin da ba su san da shi ba. Sai a 2010 aka sasanta, aka biya su dala 700,000 aka mayar musu da jinin. Bayan waɗannan manyan, akwai ƙananan da ake yi kullum: mai bincike ya zo da takardun tambayoyi, ya tattara, ya buga, ya samu ƙarin girma, ba a sake ganinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Hanyar da ta dace ita ce mutanen su zauna tare da ke tun daga zaɓen tambaya, a sa ladansu cikin kasafin, sunansu ya fito a takarda idan sun yi aikin, kuma su fara jin sakamako kafin mujalla. Wannan na cin lokaci. Shekara ɗaya ko biyu na iya wucewa kina halartar taro kina sauraro kafin a tattara bayani ko ɗaya, agogon jami'a kuma ba ya jira. Dabarar da nake ba ƙannena ita ce su riƙa tafiya da ƙafa biyu: suna nazarin manyan bayanan da aka riga aka tattara don takardu su riƙa fita, suna gina amanar a hankali a gefe.

Idan aka kira ki tantancewa, ke ma ki tantance su. Ki tambayi kashi nawa na lokacinki aka keɓe wa bincike, kuma ki nemi a rubuta a takardar ɗauka, domin shugabanni na sauyawa, alƙawarin baki na tafiya da mai shi. Ki nemi ganin ƙa'idar ƙarin girma da idonki, ki duba ko ta ambaci aikin da ake yi tare da al'umma. Ki tambaya ko kuɗin kujerar daga asusun jami'a yake ko daga tallafin da zai ƙare. Ki tambayi mutum nawa ne suka samu kujerar dindindin da irin wannan binciken a sashen, kuma wanda ya riƙe kujerar kafin ke ina ya tafi. Idan ke kaɗai ce za ki zama mai wannan fannin a duk tsangayar, ki yi tunani sau biyu, ko ki tabbatar akwai abokan aiki a sashen lafiyar al'umma ko nazarin zamantakewa da za ki jingina da su. Ki kuma tambaya ko darasin zai tsaya shi kaɗai ne a zango ɗaya, ko za a bar ki ki shiga darasin zuciya da na haihuwa da na magunguna. Ɗalibi na ɗaukar abu da muhimmanci idan ya gan shi a cikin darasin da yake tsoron faɗuwa.

Takardar bayanin bincikenki kuwa, kada ki buɗe ta da yadda kike ƙaunar adalci, kowa zai rubuta haka. Ki buɗe da giɓi ɗaya da adadinsa, ki faɗi abin da kike zargin yana jawo shi, da abin da za ki gwada a shekara uku na farko, da waɗanda za ki yi aikin tare da su. Ki turo mini daftarin kafin ranar rufewa da mako biyu, in karanta in mayar miki da gyara.